Haƙorin hankali yana ta kumbura: a cire shi ko a bar shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni tela ce a Asawase da ke Kumasi, shekarata 24. Haƙorin hankalina na ƙasa ta ɓangaren hagu ya leƙo amma bai gama fitowa ba, kuma sau uku ke nan a bana dasashin wurin yana kumbura har na kasa tauna. Duk lokacin da ya tashi sai in sayi Flagyl da amoksisilin a kantin magani, ya lafa, bayan 'yan watanni ya dawo. Mahaifiyata ta hana ni zuwa a cire, wai cire haƙori yana raunana ido. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Hukuncin ƙarshe yana hannun likitan haƙorin da zai buɗe bakinki ya duba, amma abin da kika bayyana ya karkata sosai ga cirewa, kuma abin da ya sa na faɗi haka shi ne yadda ciwon yake tafiya yana dawowa.

Haƙoran hankali huɗu ne, su ne na ƙarshen fitowa cikin haƙora 32 na babban mutum, yawanci tsakanin shekara 17 zuwa 25. A lokacin sauran haƙora sun riga sun cika muƙamuƙi, shi ya sa wani yake fitowa a karkace, wani ya tokari turmin da ke gabansa, wani kuma ya tsaya rabi a waje rabi a ƙarƙashin nama. Naki ya yi kama da wannan na ƙarshe. Naman da ya lulluɓe bayan haƙorin yakan zama kamar aljihu, inda ƙwayar shinkafa, zaren nama da ɓarɓashin goro suke shigewa su maƙale, kuma burushi ko asuwaki ba ya kai wa can. Ƙwayoyin cuta sai su yi yawa a ciki, wurin ya kumbura ya yi ja, baki ya riƙa wari, idan aka danna da yatsa wani lokaci har mugunya ta ɓullo. Da zarar naman ya kumbura, haƙorin sama yana cizonsa duk lokacin da aka rufe baki, kumburin ya ƙara tsananta.

Magungunan da kike saya suna rage ƙwayoyin cutar, amma ba sa rufe wannan aljihu, don haka da abinci ya sake taruwa ciwon zai dawo. Shan su akai-akai ba tare da umarnin likita ba yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani, ranar da ake matuƙar buƙatarsa ya ƙi aiki. Kanumfari yana ɗan kashe zafi na ɗan lokaci, kurkure baki da ruwan ɗumi mai gishiri yana taimakawa wajen tsabtace wurin, amma ɗabi'ar ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi ƙona naman take yi kawai, a daina.

Ba kowane haƙorin hankali ake cirewa ba. Wanda ya fito a miƙe, yake tauna, kuma burushi yake kai masa, barinsa ake yi, haka ma wanda yake kwance cikin ƙashi bai dami kowa ba. Tun shekarar 2000 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ba da shawarar a daina cire irin waɗannan haƙora don rigakafi kawai, ta kuma ce kumburi na farko, idan bai yi tsanani ba, bai isa dalilin tiyata ba, amma daga na biyu ana ɗaukarsa dalili. Ke kin wuce nan. Akwai kuma ɓarnar da take faruwa a ɓoye: idan haƙorin ya jingina da turmin gabansa, abinci yana maƙalewa a tsakani har turmin mai amfani ya ruɓe ta baya, mutum ya ƙare da rasa haƙora biyu.

Abin da za ki nema shi ne a duba ki a kuma ɗauki hoton muƙamuƙi. Hoton zai nuna yadda haƙorin ya kwanta, da siffar saiwarsa, da kusancinta da jijiyar da ta ratsa cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa, wadda take kai ji ga leɓe da haɓa. Idan saiwar ta manne da jijiyar, akwai dabarar cire kan haƙorin a bar saiwar a wurinta. Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye yana da sashen tiyatar baki da muƙamuƙi, kuma can ake tura masu haƙoran da ke da wuyar cirewa. Katin inshorar lafiya ta Ghana, wato NHIS, yana ɗaukar cire haƙori na yau da kullum, sai dai ki tambayi kuɗin hoto da na tiyata tun kafin ranar aikin.

Batun ido kuwa, ki faɗa wa Hajiya cikin ladabi cewa jijiyar gani daban take da jijiyoyin haƙora, kuma naki ma a ƙasa yake, nesa da ido. Abin da yake iya kaiwa kusa da ido shi ne mugunyar haƙorin sama da aka bari ba a kula da ita ba. Idan za ta yarda ta raka ki asibiti ta ji daga bakin likita, ya fi. Haɗarin gaskiya na wannan aiki shi ne mutuwar ji a leɓen ƙasa, haɓa ko gefen harshe idan jijiya ta taɓu. Yawanci yana warwarewa cikin makonni ko watanni, kuma da wuya ya dawwama. Shekarunki suna taimaka miki, domin ƙashi yana ƙara tauri yayin da shekaru suke ƙaruwa, warkewa kuma tana ƙara jinkiri.

Kafin a yi miki allurar kashe zafi, ki sanar da likita idan kina da ciki, sikila, ciwon suga, hawan jini, gyambon ciki, ko kina shan maganin tsinka jini. Idan kuwa kafin ranar bakinki ya ƙi buɗuwa sosai, ko kumburin ya sauka ƙarƙashin haɓa, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya tare da zazzaɓi, kada ki jira gari ya waye, ki tafi sashen gaggawa, domin irin wannan kumburi yana iya toshe hanyar iska.

Bayan cirewa za a ba ki auduga ki cije na kamar rabin sa'a. A yinin farko kada ki kurkure baki, kada ki yawaita tofi, domin gudan jinin da ya cika ramin shi ne mafarin warkewa. Koko da ya huce, fura da tuwo mai laushi sun wadatar, kilishi da gyaɗa su jira. Kunci yakan fi kumbura a rana ta biyu zuwa ta uku sannan ya fara saɓewa, don haka kada ki karɓi aikin ɗinkin kaya na gaggawa a wannan mako. Idan ciwo ya ƙaru sosai bayan kwana uku, yana harbawa zuwa kunne tare da wari, alama ce gudan jinin ya fita, sai ki koma a wanke ramin a sa miki magani a ciki.