Hukuncin Dafa Giya a Gida Don Sha'awa, Ko da Mai Dafawar Ba Zai Sha Ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a Jamus, ina karatun kimiyyar abinci a jihar Bavariya. Abokan zamana biyu Jamusawa ne, kuma suna dafa giyarsu a gida don sha'awa. Ɗayansu ya ba ni kyautar kayan masu farawa: babbar tukunya, bokiti mai murfi, ma'aunin zafi, tsiron sha'ir, furen hops da ƙullin yis. Ban taɓa shan giya ba, ba ni kuma da niyyar sha. So nake in ga yadda aikin yake da hannuna, tun da ya shafi karatuna. In ta nuna sai in ba su su sha, ko in tafasa ta har barasar ta fita in sha abin da ya rage. Sun ce mini giyar Jamus ruwa ce da sha'ir da hops kawai, duk kuwa halal ne. Ya halatta in gwada? In bai halatta ba, yaya zan yi da kayan?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya yi maka albarka, ɗana, da ka tambaya tun ba ka ɗora tukunya ba.

Bai halatta ka dafa giya ba, ko za ka sha, ko za ka bayar, ko kallo kawai za ka yi ka zubar. Amma ba duka aikin ne haramun a kan kansa ba, saboda haka bari mu bi shi daki-daki mu ga inda iyakar take.

Mai dafa giya yana farawa da sha'ir da aka jiƙa ya tsiro, aka busar. Ya ɓarza shi, ya zuba a ruwa mai zafin da ya kai wajen digiri 65, ya bar shi kamar awa ɗaya. A nan sinadaran da tsiron ya samar suke mayar da sitacin hatsin ya koma sukari. Ya tace, ya tafasa ruwan tare da hops don ɗaci da ƙamshi, ya huce shi zuwa wajen digiri 20. Har zuwa wannan gaɓa abin da ke cikin tukunyar ruwan hatsi ne mai zaƙi, ba ya bugar da kowa. Iyayenmu mata sun san wannan sirrin tuntuni, shi ya sa suke sa tsiro a kunun zaƙi don ya saki ya yi zaƙi. Sai kuma ya zuba yis, ya rufe bokitin, ya bar shi mako ɗaya zuwa biyu. Yis ɗin ya cinye sukarin, ya fitar da abu biyu: iskar da ke sa kumfa, da barasa. Abin da ke fita a ƙarshe yakan kai wajen kashi 5 cikin ɗari na barasa, kuma duk wanda ya sha da yawa zai bugu.

Maganar abokanka ta ruwa da sha'ir da hops, daga dokar da aka kafa a Bavariya a shekarar 1516 suka ɗauko ta. Gaskiya ne abubuwa ukun nan ta ambata. Yis ne ba ta ambata ba, shi ne kuwa mai mayar da ruwan hatsi giya. Sannan halaccin asalin abu ba ya bin abin da aka yi da shi. Inabi ma halal ne.

Allah Maɗaukaki ya ce game da giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90, ƙazanta ce daga aikin Shaiɗan, "sai ku nisance ta". Bai ce kada ku sha kawai ba, nisanta ya ce. Wanda ya aje bokitin giya a ɗakinsa yana leƙa shi safe da yamma bai nisance ta ba.

Kada ka ɗauka giyar inabi kaɗai ake nufi. Lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Abu Musal Ash'ari Yaman, sai ya tambaye shi game da abin sha biyu da mutanen can suke yi: bit'u, wanda ake yi da zuma, da mizru, wanda ake yi da dawa da sha'ir. Ya amsa masa cewa duk abin da ke bugarwa haramun ne. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Mizrun nan shi ne abin da abokanka suke dafawa, shi ne kuma burukutun da ake yi da dawa a ƙasarmu. Sayyidina Umar ma ya faɗa a kan mimbari cewa an saukar da haramcin giya alhali ana yin ta da abu biyar: inabi, dabino, zuma, alkama da sha'ir. Akwai kuma wani sahabi, Dailamul Himyari, da ya kawo uzurin da za ka ji a bakin mutane a inda kake: ƙasarsu akwai sanyi, aikinsu mai wuya ne, suna yin abin sha da alkama don samun ƙarfi. Annabi ya tambaye shi, yana bugarwa? Ya ce e. Ya ce to ku nisance shi. Abu Dawud ne ya ruwaito.

Wataƙila wani ya kawo maka cewa Imam Abu Hanifa ya sassauta a abin shan da aka yi da hatsi in ba a kai ga maye ba. An ruwaito haka daga gare shi, amma almajirinsa Muhammad bin Hasan ya saɓa masa, kuma a kan maganar Muhammad malaman Hanafiyya na baya suke fatawa. Malik da Shafi'i da Ahmad kuwa bakinsu ɗaya: abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa haramun ne, kamar yadda ya zo a hadisin Jabir.

Ka ce ba za ka sha ba. A hadisin Anas da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito, an la'anci mutum goma a kan giya, kuma na farko a jerin ba mashayin ba ne, mai matse ta ne. Sai wanda aka matsa wa, da mai sha, da mai ɗauka, da wanda aka kai wa, da mai shayarwa, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta, da mai saye, da wanda aka saya wa. In ka dafa ka miƙa wa abokanka, ka shiga gida uku a cikin goman: ka yi, ka ɗauka, ka shayar. Kasancewarsu ba Musulmi ba bai sauya hukuncin hannunka ba. Ba a ɗora maka hana su abin da suke yi a kicin ɗinsu ba, hannunka aka ɗora maka. Kiran abin da sunan sha'awa ko gwaji kuwa sauya wa tuwo suna ne.

Batun tafasa ta don barasar ta fita shi ne ya fi buƙatar natsuwa, domin a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Da farko dai kafin ka kai ga cire barasar, ka riga ka yi giya cikakkiya da gangan, ka aje ta kwanaki. Laifin ya riga ya auku. Abu Ɗalha ya tambayi Annabi game da marayun da suka gaji giya, ya ce a zubar. Abu Ɗalha ya ce ba na mayar da ita khal (ruwan tsamin nan da ake kira vinegar) ba? Ya ce a'a. Dubi fa, dukiyar marayu ce, an same ta tun kafin wannan tambaya, kuma abin da za ta koma halal ne, duk da haka ba a ba shi damar riƙe ta ba. Malamai sun yi saɓani a kan wanda giya ta faɗo hannunsa ya mayar da ita khal, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya in ta koma khal ta tsarkaka. Amma wannan saɓanin a kan giyar da ta riga ta samu ne. Kai taka babu ita, kai ne za ka samar da ita. Na biyu, kai ɗalibin kimiyya ne, ka san tafasawa a tukunyar gida ba ta kwashe barasa kaf. Kamfanoni da injinan tacewa suke yi, duk da haka a Jamus ana rubuta "ba barasa" a kan kwalbar da ke da har kashi 0.5 cikin ɗari.

Kada kuma wannan ya jefa ka cikin waswasi. Burodi, ayabar da ta nuna sosai da kunun da ya kwana, duk ana iya samun ɗan burbushin barasa a cikinsu in an auna a ɗakin bincike, kuma babu malamin da ya haramta su. Ma'aunin shi ne, in an sha abin da yawa, yana bugarwa? Kunun zaƙi ko tulu guda ka sha, cikinka ne zai cika, hankalinka na nan. Ibn Abbas ya ba da labari, a ruwayar Muslim, cewa ana jiƙa wa Annabi zabibi ya sha a ranar da washegari har yammacin rana ta uku, abin da ya rage sai a ba wani ya sha ko a zubar. Da Abu Huraira kuwa ya kawo masa jiƙon da ya fara tsiwirwiri yana kumfa, cewa ya yi a watsar da shi a bango. To, bokitin masu dafa giya an yi masa ɗan bututu a murfi ne musamman don wannan kumfar ta riƙa fita.

Abin da ya halatta gare ka yana da faɗi. Ka karanci yadda yis ke aiki, ka rubuta jarrabawa a kai, babu laifi, sani daban aikatawa daban. Ka yi tsiro, ka jiƙa a ruwan zafi, ka auna yadda sitaci ke komawa sukari, ka tafasa, ka sa hops in kana son ɗacinsa, ka huce ka sha. Lemon malt ke nan. Sharaɗin kada ka zuba yis, kada kuma ka yi shi don abokanka su ƙarasa shi ya zama giya, domin a nan ka zama mai taimakawa a kan saɓo, abin da aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta hana. Ka aje shi a firij ka shanye cikin kwana biyu. Ruwa mai sukari in ya daɗe a ɗaki yakan kama tsami da kansa, in kuma a rufaffiyar kwalba yake tana iya fashewa. Da zarar ka ga ya fara kumfa ko ya canja wari, ka zubar. In makaranta ta sa dafa giya cikin aikin gwaji, ka je wurin malamin kwas ɗin da ladabi ka nemi a musanya maka da wani, kamar na burodi ko yogot, tun da su ma da ƙwayoyin halitta ake yin su.

Kayan kuma ba najasa ba ne. Tukunya tukunya ce, ka dafa shinkafarka a ciki. Bokiti da ma'aunin zafi ka yi amfani da su yadda ka ga dama, in an taɓa sa giya a ciki ka wanke. Tsiron sha'ir ka yi kunu ko lemo da shi, yis ɗin ka kwaɓa fulawa ko ka zubar. Abin da ban yarda ka yi ba shi ne ka sayar da kayan a haɗe, ko ka kyautar, ga wanda ka san giya zai dafa, kamar yadda malamai suka hana sayar da inabi ga wanda aka san matse shi zai yi. Shi kuma wanda ya ba ka kyautar, alheri ya nufa bisa al'adarsu. Ka gode masa, ka gaya masa ƙarara cewa addininka ya hana ka yin giya kamar yadda ya hana ka shan ta, don kada gobe ya sake gayyatar ka riƙe masa cokali ranar dahuwa.

Allah ne mafi sani.