Siminti, Keken Ɗinki da Allon Ofis

Tambaya: Malam, ina zaune a unguwar Yelwa a Garwa. Ƙarshen watan nan zan kwashi adashi, sefa 1,500,000, kuma ina da fili. In saye siminti gaba ɗaya kafin ya ƙara tsada, ko in riƙa saye kaɗan-kaɗan? Maginin yana so in riƙa biyansa kullum da yamma, abokina kuma ya ce jinga ta fi.

Alhaji, Allah ya sanya albarka, ya sa a shiga lafiya. Ka ce kana da fili, amma ba ka faɗa mini wace takarda ke hannunka ba. Idan ta jauro ce ko ta lawan, wato masu sarautar gargajiya, tana da amfaninta wajen shaidar ciniki, sai dai tun dokar filaye ta 1974, abin da hukuma ta ɗauka hujjar mallaka a Kamaru shi ne titir fonsiye, wato takardar mallakar fili da gwamnati ke bayarwa. Ware wani abu daga kuɗin adashin ka fara bin wannan, tare da izinin gini daga ofishin magajin gari, tun kafin a haƙa harsashi.

Siminti kuwa ba gero ba ne da za ka zuba a rumbu ka manta. Raɓar iska kaɗai tana shiga buhu ta fara ɗaure shi, kuma in ya haura wata 3 a ajiye ƙarfinsa ya soma raguwa ko da ido bai gani ba. Ni na sha wannan da kaina. Na taɓa jibge buhuna a zaure, kai tsaye a kan daɓe, ina jiran kuɗin ƙarfe. Damina ta shigo ta wuce. Ranar da aka zo ɗiba, na ƙasa sun zama duwatsu masu siffar buhu, yaron magini ya buga guduma a kai tana ƙara kamar ya bugi turmi. Biyu daga cikinsu suna ƙofar gidana har yau, a kansu ake zama hira. Kai da masana'antar Cimencam ta Figil ke kan hanyarku ta zuwa Marwa, me zai kai ka tara abin da zai mutu a hannunka? Sayi na aikin mako 2 ko 3, a ɗora shi kan katako, kada ya jingina da bango.

In tsoron tashin farashi ne ke damunka, zuba kuɗin a abin da ke jure ajiya: kwanon rufi, rodi, ƙofofi da tagogi. Ko kuma ka mai da simintin bulo tun yanzu, don bulo ba ya tsoron jira. Amma ka tsaya a kai da kanka ranar bugu. Buhu mai kilo 50 in ya haifi bulo mai santimita 15 fiye da 35, a ganina yashi ka saya. A yi ta ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, kankare kuma sai ya kai kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Wannan ne ya sa nake son a yi zubin kankare tsakanin Nuwamba da Janairu. A Maris da Afrilu, zafin Garwa yana haye digiri 40, ruwan da aka watsa yana bushewa kafin yaro ya dawo da jarka ta biyu. In kuma filin yana gangaren Binuwai ne, ko ƙasarsa baƙar laka ce mai tsagewa da rani irin ta gonakin masakwa, kada ka yi rowar harsashi. Irin ƙasar nan tana kumbura da ruwa tana motsewa da rani, ita ce ke tsaga bango daga ƙasa har sama.

Batun biya, abokinka ya fi kusa da gaskiya, amma da gyara. Mai ladan yini ba ya gaggawa, mai jinga kuma gaggawarsa ta yi yawa. Mafita ita ce jinga a yanka-yanka: harsashi da kuɗinsa, bango zuwa linta da kuɗinsa, rufi da nasa. A rubuta a takarda gaban shaidu 2, ba a biyan gaba sai an gama na baya kun zagaya tare. Kayan aiki kai za ka saya. Duk abin da ka ba shi, tura ta Orange Money ko MTN, saƙon da ke shigowa waya ya fi "ai na ba ka ran Laraba" ƙarfi. Ka kuma riƙe kashi 10 cikin 100 na kuɗin rufi har ruwan farko ya sauka, ku faɗa masa haka tun ranar ciniki don kada ya zama faɗa daga baya.

Kuma kada ka auna gidan da kuɗin da kake sa ran samu. Ɗaki 2 da aka rufe sun fi ɗaki 5 da suka tsaya a linta suna shan ruwan Agusta.

Tambaya: Ina ɗinki a gida a Domayo, Marwa. Kowace Sallah sai na kunyata, kaya sun yi mini yawa, wuta kuma tana ɗaukewa. In sayi keken lantarki ne ko na ƙafa?

Ƙanwata, na ƙafa, irin wanda ake ɗaura wa ƙaramin mota. In akwai wuta ki yi gudu, in babu ki taka. Yawancin wutar arewa daga madatsar Lagdo take zuwa, kuma da rani ruwanta yana ja baya. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gider sun rage wahalar, amma tela aikin dare take yi, ga shi shekarun nan azumi a tsakiyar rani yake faɗowa.

Sai dai ina zargin ba keke ne ke kunyata ki ba, kunyar cewa "a'a" ce. Ɗauki mako ɗaya ki ƙirga kaya nawa kike gamawa a yini ba tare da kin kwana zaune ba. Ninka da kwanakin da suka rage, cire kwana 3 na gyare-gyare da rashin lafiyar yaro. Abin da ya fito shi ne iyakarki. Sayi littafi mai bango mai ƙarfi: suna, awo, ranar karɓa, abin da aka bayar, sannan ki yanki ɗan ƙyallen atamfar ki manna a gefen sunan. Ranar da lissafi ya cika, ko Hajiyar da ta yi miki hanyar aure ce ta aiko da leda ranar 25 ga azumi, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce sai kayan bayan Sallah. Za ta yi fushin yini biyu. Wadda aka riƙe wa atamfa ba a ɗinka ba har safiyar idi, ita ce ke kai labarinki gidan biki.

Tambaya: Mu 6 ne a wani ƙaramin ofishi a Njamena. Shugabanmu yana son mu sayi manhajar tsara aiki mai biyan wata-wata. Ta cancanci kuɗin?

Ɗan'uwa, ga mutum 6 da ke shan shayi a butar guda, ban ga dalili ba tukuna. Trello da Google Sheets suna da na kyauta, ku gwada wata 2 ku ga ko akwai mai buɗewa in ba a tuna masa ba. Na tabbata yanzu a WhatsApp kuke raba aiki, inda umarnin shugaba ke nutsewa ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da hotunan suna. Ku rataya farin allo inda kowa ke wucewa, layi uku: aikin, mai aikin, ranar gamawa. Suna ɗaya tak a gaban kowane aiki, don in aka rubuta biyu kowa zai jira ɗan'uwansa. Ranar Litinin ku tsaya a gabansa minti 15, a tsaye, ba kujeru. Wanda ya fita aiki Mundu ko ya haye gadar Ngeli zuwa Kuseri, a ɗauki hoton allon a tura masa.