Ƙanina, Kada A Sayar Da Fadamar Nan Saboda Makarantar Fim

Assalamu alaikum ƙanina. Saƙonka ya same ni a cikin bas ina dawowa daga aikin dare, kafin in sauka na saurare shi sau biyu. Ka ce ka gama rubuta littafi a waya, kana son mayar da shi fim, kuma in nema maka hanyar zuwa Ingila ka karanci harkar, domin a ganinka wanda ke zaune a ƙauyen ƙasar Ringim ba zai taɓa zama darakta ba. Sai ka ƙara da cewa Baba ya amince a sayar da fadamar bakin kogi idan kuɗi bai kai ba. Wannan ita ce maganar da ta hana ni barci.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kafin a ba ka bizar ɗalibi sai ka nuna kuɗin makaranta na shekarar farko, ka nuna kuɗin ci da kwana sama da fam 1,000 a kowane wata har na wata tara, kuma kuɗin su kwana 28 a jere a cikin asusu. Ga kuɗin lafiya fam 776 a shekara. Idan ka iso, awa 20 kacal aka yarda ka yi aiki a mako lokacin karatu. Abin da ya fi shafarka shi ne bizar ta hana ɗalibi yin sana'ar kansa. Ba ka da damar ka ɗauki bidiyon biki a biya ka a matsayin mai zaman kansa, balle ka buɗe kamfani ka sayar da fim. Ka lissafa fam ɗin nan da naira, ka ga ko fadamar za ta kai ka ƙarshen zangon farko.

Ni da nake da takardun zama a nan Ingila ma, gajeren fim ɗina na minti 12 sai da ya ci kusan shekara biyu. Masu jin Hausar da za su fito a ciki kowa yana fama da aikinsa, ranar Lahadi kawai muke haɗuwa, ita ma in wani ya samu hutu wani bai samu ba. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Labarin yana buƙatar zaure, muka rataya tabarmi a garejin wani abokina. Da na zauna tacewa na kalli wurin sai da hawaye ya zo mini, saboda na san zauren Malam yana nan a gida da azararsa da hayaƙin da ya dafa bangon, babu mai karɓar ko kwabo kafin a shiga.

Akwai wani Ba'amurke, Robert Rodriguez, da ya yi fim ɗinsa na farko a wani garin kan iyaka na Meziko da kimanin dala 7,000, ya fito a 1992. Daga baya ya rubuta littafi kan yadda ya yi aikin. Dabararsa ita ce kafin ya rubuta labari sai da ya lissafa abin da zai samu kyauta, irin su motar bas da kare da gidan gonar abokinsa, sannan ya ɗinka labarin a kansu. Gaskiya ne kamfanin da ya saye fim ɗin ya kashe ninkin wannan kuɗi sau da yawa wajen gyara shi, amma da bai gama ba da babu abin saye. Kai zauna ka yi irin lissafinsa. Kana da kogi da kwalekwale, kana da amalanke da masussuka, ga kasuwar Maigatari ranar Alhamis da raƙumanta da shanunta. Kana da tsofaffin da ambaliyar 2022 ta kwana da su a kan tudu, waɗanda in ka ce su ba da labari ba sa buƙatar wani ya koya musu yadda ake kuka. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Wayar hannunka ta isa hoto. Inda masu ƙaramin jari ke faɗuwa shi ne sauti. Mai kallo zai haƙura da hoton da ya ɗan dushe, amma da zarar ya kasa jin abin da jarumi ke faɗa zai wuce. Ka nemi ɗan makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga. Ka san lokacin da mai injin niƙa ke tayarwa da lokacin da masu ban-ruwa ke kunna nasu, ka tsara ɗauka a tsakani, ko ka je ka roƙe su minti ashirin. Da hunturu iska za ta riƙa bugun makirfon, sai ka lulluɓe shi da ɗan soso. Duk inda kuka gama fitowa, ka sa kowa ya yi shiru ka naɗi sautin wurin shi kaɗai na minti ɗaya, da kukan kurciya da na awaki, ranar tacewa za ka ga amfaninsa wajen liƙe tsakanin magana da magana. Haske kuwa Allah ya hore maka, hantsi da la'asar sakaliya sun fi duk fitilar da na taɓa haya a nan. Tsakar rana ku huta, inuwa tana cinye idon mutum. Farin zane a hannun yaro ɗaya ya isa ya mayar da haske fuska.

Abin da ka ɗauka kada ya kwana wuri ɗaya. Na taɓa rasa aikin kwana uku saboda katin ajiya ya lalace, kuma ɗaya daga cikin jaruman ya riga ya bar gari. Ka fara zuwa gaban dagaci da iyayen duk yarinyar da za ta fito, ka karanta musu labarin. Ko da ɗan Baffa ne zai riƙe maka kyamara ku rubuta abin da kowa zai samu, zumunci ya fi saurin ɓaci a kan kuɗin da ba a yi zaton zuwansu ba. In za ka kai fim ɗin kasuwar Kano, akwai hukumar tace fina-finai ta jihar tun 2001, sai ka bi ta ƙofarta.

Ba zan ɓoye maka ba, samun kuɗi a harkar nan da wuya. Cinikin faifai da ya raya Ƙofar Wambai ya mutu, masu tura fim a waya sun gama da shi. Yanzu kowa ya koma YouTube da fim mai dogon zango, can kuma kafin a fara ba ka rabon talla sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, kuma abin da ake biya kan masu kallo daga Najeriya bai kai na Turai ba. Shi ya sa nake kallon fadamar nan a matsayin furodusanka. Tumatir da shinkafar rani su ne za su ciyar da ma'aikatanka a lokeshin, abinci kuwa shi ne babban abin da ke cin kuɗin ƙaramin fim.

Littafin da ka raina shi ne jarinka na farko. Marubutan Kano na shekarun 1990 da kuɗin aljihunsu suka riƙa buga littattafai suna kai wa kasuwa, daga cikinsu aka samu waɗanda suka shiga fim, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Ita Hajiya tun tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, daga baya ta koma karatun manya, kuma a 2012 aka buga fassarar littafinta da Turanci a Indiya. Hausar da ta rubuta ce ta kai shi can. Kada ka zuba naka gaba ɗaya a zaurukan WhatsApp, ka saki babi biyu ko uku, mai son ci gaba ya biya.

Ban ce kada ka yi karatu ba, kuma ban ce kada ka fita ba. Akwai makarantar koyon fim ta ƙasa a Jos, akwai Jami'ar Bayero. Ko bayan girbi ka tafi Kano, Titin Gidan Zoo, matattarar 'yan fim, ka nemi wanda zai ɗauke ka riƙon fitila wata uku. Ousmane Sembène na Senegal dako ya yi a tashar jiragen ruwa ta Marsai a Faransa, ya buga littattafai, sai ya lura yawancin mutanensa ba za su iya karanta su ba. Yana dab da shekara 40 ya tafi Mosko ya koyi fim, ya dawo gida, a 1963 ya fito da gajeren fim na kusan minti 20 kan wani mai amalanke a Dakar. Ya je makarantar ne da aikinsa a hannu, ya san abin da ya je nema. Gajeren fim gamamme mai fassara a ƙasa zai iya zuwa bikin fina-finan Afirka na FESPACO da ake yi a Wagadugu, Burkina Faso, tun 1969, kuma masu ba da tallafin karatu irin Chevening sai sun ga digiri da aikin shekara biyu. Ranar da ka cika waɗannan, ni zan tare ka a filin jirgi.

Cikin babi ukun da ka turo, wurin da tsohuwar nan ta ƙi shiga kwalekwale sai an ɗauko mata turminta ya fi tsaya mini a rai. Ka ciro shi ka mayar da shi shafi goma, mutum uku, wuri biyu, ka turo mini kafin ƙarshen wata. Akwai mai zuwa gida bayan Sallah, zan ba shi makirfo biyu da ma'ajiyar kwamfuta ya kawo maka. Ka gaida Inna, ka ce wa Baba zan kira shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kada ya karɓi kuɗin kowa kafin mu yi magana.