Bach ne ya riƙe ni kwanan nan

Malam ka tambayi me muke saurara kwanan nan a kiɗan Turai na gargajiya, da kuma rikodin da muka fi so. Ni dai Bach, mai tsara kiɗan nan ɗan Jamus, shi ne ya riƙe ni, wato kiɗansa Goldberg Variations ɗin da Glenn Gould ɗan Kanada ya kaɗa da fiyano. Sau biyu ya ɗauke shi, a 1955 da 1981, kuma wallahi kamar ba mutum ɗaya ba ne. A na farkon gudu yake kamar ana binsa, minti 38 da 'yan kai ya gama, na biyun kuwa ya kai wajen minti 51, a natse yake taka kowane sauti. Ni na 1981 na fi so, duk da wasu na ƙorafi wai yana ƙunƙuni da baki yana kiɗan, in ka sa iyafis za ka ji shi sarai a bayan fiyanon, ni kam bai dame ni ba. A 1982 Gould ya rasu.

In kuma ƙarfi kake so, nemi Simfoni (dogon kiɗan babbar ƙungiyar makaɗa) na 5 na Beethoven, shi ma mai tsara kiɗa ɗan Jamus, wanda Carlos Kleiber ya jagoranci ƙungiyar makaɗa ta Vienna Philharmonic suka ɗauka a 1974. Amma don Allah kar ka ji shi a sifikar waya, sautin manyan gogen nan duk ɓacewa yake.