Ba ma son a tura sojojinmu yaƙi a ƙasar wani: me doka ta ba mu damar yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ne sakataren wata ƙungiyar matasa. Tun lokacin da aka yi ta kurarin afka wa Nijar da yaƙi a 2023 hankalinmu bai kwanta ba, don gaskiya mun daina yarda da shugabannin nan. Mun yanke shawarar duk ranar da aka sake tayar da zancen tura sojoji waje za mu fito kan titi. Wani ya ce sai da izinin 'yan sanda, wani ya ce cin amanar ƙasa ne, wani kuma ya ce mu maka Shugaban Ƙasa a kotu kawai. Ƙanena soja ne, kuma ina yawan rubutu a Facebook. A ba mu shawara.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam Sakatare. Rashin yarda da shugaba ba laifi ba ne a dokar Najeriya, amma kuma ba hujja ba ce da za ka ɗora a gaban alƙali. Riƙe wannan, domin sauran bayanin a kansa ya rataya.

Shugaban Ƙasa ba shi da ikon kai mu yaƙi shi kaɗai. Sashe na 5(4) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce ba zai shelanta yaƙi da wata ƙasa ba sai Majalisar Dattawa da ta Wakilai sun zauna tare sun amince. Ko ba a kira abin da sunan yaƙi ba, ba za a tura soja ko ɗaya fagen daga a waje ba sai Majalisar Dattawa ta sa albarka tukuna. Sai dai akwai wata ƙofar baya a sashe na 5(5). Idan Shugaba ya gamsu cewa tsaron ƙasa na fuskantar barazana ta kusa, zai iya shawara da Majalisar Tsaro ta Ƙasa (National Defence Council) ya tura dakaru wani taƙaitaccen aiki, sannan ya nemi amincewar sanatoci cikin kwana 7 da fara gwabzawa, su kuma su amsa ko su ƙi cikin kwana 14. Ka lura da kalmar "ya gamsu". Shi ne mai gamsuwar, ba kai ba, kuma kafin waɗannan kwanaki su cika mai afkuwa na iya afkuwa.

Abin da ya faru a 2023 ya nuna inda ƙarfinku yake. An hamɓarar da Shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, ECOWAS ta ba sojojin da suka yi juyin mulkin wa'adin mako guda ranar 30 ga wata, Shugaba Tinubu ya rubuta wa Majalisar Dattawa, ita kuma ranar 5 ga Agusta ta ce a bi hanyar siyasa da diflomasiyya. Sanatocin Arewa sun riga sun fito sun ce ba su yarda ba. A ganina ba tsananin tausayi ne ya motsa su ba, sun ji zafin maganar mutanen da suka zaɓe su ne. Haka aka yi a Ingila a watan Agustan 2013, inda majalisa ta hana Firaminista David Cameron kai hari Siriya da ƙuri'a 285 a kan 272. Don haka kafin ku buga kwali ko ɗaya, ku rubuta wa sanatanku takardar koke mai ɗauke da sunaye da sa hannu, ku kai ofishinsa na mazaɓa, ku aika kwafi ga kwamitin koke-koken jama'a na majalisar.

Batun izinin 'yan sanda kuwa, wanda ya faɗa maka yana kan tsohon karatu. Sashe na 39 da na 40 na Tsarin Mulki sun ba ka 'yancin faɗin albarkacin baki da yin taro cikin lumana. A shari'ar Sufeto Janar na 'Yan Sanda da jam'iyyar ANPP, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a 2007 cewa tilasta neman izini kafin gangami ya saɓa wa Tsarin Mulki. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 83(4), ta ƙara da cewa idan an sanar da su, aikinsu su turo jami'ai su ba da tsaro. Sanarwa ke nan, ba roƙo ba.

Amma kada wannan ya sa ku fito ba takarda. Ku rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sanda wasiƙa gajeriya: rana, lokacin farawa da na tashi, hanyar da za a bi, da sunayen mutum biyu ko uku da za a tuntuɓa. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a kan naku, ku ɗauki hotonsa. Na taɓa tsayawa a gaban kantar ofishin 'yan sanda ina neman belin wasu samari, jami'in yana ta nanata cewa ba a sanar da kowa ba. Ɗaya daga cikinsu ya zaro takarda a ninke daga aljihu, gumi ya jiƙa ta, amma hatimin yana nan raɗau. Daga nan muryar jami'in ta sauka. Ku kuma naɗa masu kula da layi, domin sashe na 45 na Tsarin Mulki ya yarda a taƙaita waɗannan 'yanci saboda tsaro da zaman lafiya, kuma dutse ɗaya da ɗan iska zai jefa ya isa a sauya wa taronku suna zuwa haramtaccen taro.

Yanzu ga inda na fi jin tsoro. Sukar gwamnati, komai zafinta, ba cin amanar ƙasa ba ce. Tun a shari'ar Arthur Nwankwo, wanda aka ɗaure saboda littafin da ya caccaki Gwamna Jim Nwobodo, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke shi ta ce mai mulki dole ya jure suka. Sai dai tsakanin "ba ma son yaƙi" da "sojoji ku karɓa" taku ɗaya ne, kuma a cikin taro baki yakan riga hankali. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 wasu sun ɗaga tutar Rasha, wasu sun yi kiran juyin mulki. An kama har da telolin da suka ɗinka tutocin, an tuhumi mutane da cin amanar ƙasa, kuma kowa ya ga yaran da suka yanke jiki suka faɗi a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ranar 1 ga Nuwamba. An sake su daga baya, amma bayan sun kwashe kusan wata uku a tsare. A gangamin adawa da yaƙi jarabawar ta fi girma, don wani zai ga burgewa ce ya ɗaga tutar ƙasar da ake shirin yaƙa, ko hoton shugabanta. Ku hana tun daga bakin layi.

Maganar ƙanenka ma a nan take. Ka yi masa addu'a, ka faɗa masa ra'ayinka a matsayinka na yayansa, amma kada ka tura masa saƙon cewa ya ƙi bin umarni ko ya gudu daga bakin aiki. Zuga soja ya yi bore ko ya tsere laifi ne a kan farar hula, shi kuma kotun soja ce za ta ji da shi. Kada kuma ka wallafa abin da ya tsegunta maka game da inda aka kai su. Shi za ka fara jefawa cikin wuta.

A Facebook, ka bambanta ra'ayi da labari. "Ban yarda da manufar gwamnati ba" ra'ayi ne. "Wane ya karɓi kuɗin Turawa don a yi yaƙi" zargi ne da za a ce ka kawo shaida, kuma ana iya bin ka da ɓata suna. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet, ko bayan gyaran 2024, yana hukunta yaɗa abin da ka san ƙarya ne da nufin tayar da hankalin jama'a. Tsohon bidiyon wani yaƙi da aka sauya wa bayani shi ne tarkon da ya fi kama mutane.

Zuwa kotu don hana yaƙi ba na ba ku ƙwarin gwiwa sosai. Za a fara tambayarku wace illa ta same ku ku kanku, kuma alƙalai kan yi ɗari-ɗari da abin da ya shafi tsaro. Ƙarar da ke da ƙafa ita ce idan an tura dakaru an tsallake Majalisar Dattawa. Yi wa ɗan majalisa kiranye ma yana nan a sashe na 69 na Tsarin Mulki, amma yana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar, kuma yunƙurin da aka yi wa Dino Melaye a 2018 a wurin tantance sa hannu ya mutu.

Idan an kama ɗayanku, yana da damar yin shiru har lauya ya zo, a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Belin 'yan sanda kyauta ne, kuma doka ta hana kama wani a madadin wani. In an zarce haka, lauya zai shigar da ƙarar tauye haƙƙi a Babbar Kotu a ƙarƙashin sashe na 46 na Tsarin Mulki, ya nemi saki da diyya. Ku yi magana da lauyan tun kafin ranar, kowa ya rubuta lambarsa da biro a damtse, don waya ce farkon abin da ake karɓewa. Wasiƙar Kwamishina kuma, in kun tsara ta, turo min in duba kafin ku kai.