Shawarar wa zan ɗauka a kan hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Kawu. Ni matashi ne ɗan shekara 24, haifaffen Wad Madani ta ƙasar Sudan, yaƙi ya kawo mu Jidda ni da mahaifiyata. Na tara ɗan abin da nake samu na sayi keke, ina da niyyar in tuƙa shi har Madina. Ina so in tafi da littafi, duk wanda na haɗu da shi a hanya in roƙe shi shawara guda in rubuta. Na ji an ce ka taɓa yin irin wannan a Sudan. To, tun ban tashi ba shawarwari sun yi mini yawa. Wannan ya ce in bi hanyar Hijira, wancan ya ce ta bakin teku, wani ya ce in riƙa tafiyar dare saboda rana. Mahaifiyata kuwa cewa ta yi jirgin ƙasa na nan, me ya yi zafi. Yaya zan tambayi mutumin da ban sani ba, ba tare da ya ɗauke ni maroƙi ko mai taɓin hankali ba? Kuma ta wa zan ɗauka?
Ɗanka, daga Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Wasiƙarka ta sa na tashi na buɗe akwati na ciro littafin nan. Bangonsa ya cinye, shafi uku sun manne da juna saboda sholisho da ya zube musu, har yau ban san abin da na rubuta a cikinsu ba.

A watan Disamba na 2017 na tashi daga Mai Wurno, garin da mutanenmu da suka yi hijira daga ƙasar Hausa suka kafa a bakin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Niyyata in isa Sawakin, tashar da alhazan zamanin da suke shiga jirgin ruwa zuwa nan inda kake. Kilomita dubu da ɗoriya, kwana 17, a kan keke ƙirar Phoenix mai sirdin da ya fi dutsen niƙa tauri. Sinnar, Madani, Fau, Gadarif, Girba, Kasala, Haya, Sinkat, sai teku. Lokacin yankin nan na zaune lafiya, mutum kan kwana a kan angarib ɗin mai shayi, wato gadon igiya, kekensa jingine da bango, ba abin da ke taɓa shi. Allah ya mayar mana da wannan zamani.

Kuskurena na farko shi ne irin wanda kake shirin yi. Na riƙa tsayar da mutane ina cewa, “Ba ni shawara guda.” Kwana uku ina wannan, mutum goma sha ɗaya na rubuta, tara daga ciki abu ɗaya suka ce: ka ji tsoron Allah, ka bi iyaye. Gaskiya ce tsagwaronta, amma ai na baro liman a gida. Ba laifinsu ba ne. Idan baƙo ya faɗo maka da littafi a hannu ya ce ka ba shi shawara, maganar ranar suna za ka ba shi, wadda ba za ka ji kunya ba in an karanta ta a gaban jama'a.

A Fau na daina, ba don wayo ba, don gajiya. Na zube a kan ɗan kujerar wata mai shayi a gefen kwalta, ban ciro littafi ba, ban ce komai ba ban da sallama. Ta zuba mini, na shanye, ta ƙara. Ita ce ta fara tambaya, bayan ta ƙare wa keken kallo tun daga jarkokin ruwa biyu da na ɗaure a kariya har zuwa tayar baya. Da ta ji Kasala na nufa sai ta ce, “Ya zol, in ka wuce Girba za ka ga itacen nan da ake kira maskit, kore shar, inuwa kamar ta kira sunanka. Ka bar keken a bakin kwalta ka shiga kai kaɗai. Ƙayarsa tana huda tayar akori-kura, balle wannan taka.” Na rubuta bayan na tashi. Kwana biyar bayan haka, rana tsaka, na ga inuwar, na manta da mai shayi da maganarta, na tura keke ciki. Huji biyar: uku gaba, biyu baya. Na zauna ina hura tub ina kara shi a kumatu don in ji inda iska ke fita, saboda ruwan da zan tsoma shi a ciki shi ne ruwan shana. La'asar ta same ni a nan ina faci, ƙudaje na taya ni.

Wannan mata ba ta taɓa hawa keke ba a rayuwarta. Amma shekara da shekaru direbobi na zama a gabanta suna zagin maskit, ta ga tayoyin da ya lalata da idonta. Abin da na ɗauka daga wannan rana, wanda kuma shi ne amsar tambayarka ta biyu, kowa ka tambaye shi abin da idonsa ya gani ko ƙafarsa ta taka, sauran ka saurara da ladabi ka bar masa kayansa.

Ɗauki maganar nisa. Kada ka kuskura ka tambayi mai mota ko gari na gaba da nisa. “Garib” zai ce maka, kusa ne, kuma ba ƙarya yake yi ba: kilomita arba'in a wurinsa kaset bai juya ba, a wurinka kuwa awa uku ce da jarka guda ta ruwa. Direban lori ya san inda kwalta ta farfashe, inda ake hawa, da inda gefen titi ya ƙare mota ta matse ka. Wannan ka tambaye shi. Nisa kuwa sai makiyayi, don shi da ƙafa yake aunawa, da salla yake ƙidayawa: in ka tashi bayan azahar, kana isa rijiya kafin la'asar sakaliya. Bai taɓa ɓatar da ni ba. Ana cewa matambayi ba ya ɓata, ni dai na ga matambayin da ya ɓata, ni ne, ranar da na tambayi yaron mota inda zan sami randar ruwa.

Yadda ake tambaya kuwa, wani tsoho Bahadandawe, cikin mutanen Beja, shi ne ya koya mini a Durdeb, tsakanin Kasala da Haya. Wannan zango kilomita kusan 350 ne, gari jefi-jefi, ga iskar arewa ta hunturu tana dukan ƙirji. Kwana biyu ina taka feda kamar mai daka, tafiyar ba ta zuwa ko'ina. Na tarar da shi a gindin wata rumfa yana soya bunu, wato 'ya'yan kofi, a ɗan gwangwani. Ya daka shi da citta, ya zuba a jabana, butarsu ta dafa kofi, ya toshe bakinta da zaren kaba, ya tsiyaya mini a finjali, ɗan kofin da bai fi ƙwan kaza ba. Na ƙagu in tambaye shi iska, shi kuwa ya ƙi ba ni ƙofa. Daga ina? An yi ruwa bana a Gadarif? Nawa riɗi? Kogin Gash ya kawo sosai? Wa na gani a hanya? Mutanen Beja suna da wannan al'ada, sakanab suke kiranta: matafiyi ya zazzage labarin inda ya fito kafin a shiga wata magana. Sai a finjali na uku, da na gama biyan nawa, ya nuna gabas da sandarsa, ya sauke ta ƙasa, ya hura iska da baki a hankali. Ya ɗaga ta zuwa tsayin hantsi, ya hura da ƙarfi har tokar murhu ta tashi. Larabcinsa kaɗan ne, amma na gane. Daga ranar nake sallame asuba in hau, in yi rabin tafiyata kafin iska ta farka.

Saboda haka ka tafi da labari a bakinka, shi ne kuɗin shawara. Maroƙi hannu kawai yake miƙawa. Wanda ya zauna, ya sha abin da aka ba shi, ya faɗi farashin tumatir a Jidda da halin da hanya ke ciki a bayansa, baƙo ne. Littafin kuma ya zauna a jaka sai ka bar wurin. A wani shingen bincike wani jami'i ya zaro nawa, da ajami nake rubutu, ya ga haruffa duk ya san su amma ko kalma ɗaya ba ta ba shi ma'ana ba. Awa biyu ina fassara masa shafi-shafi, har da maganar bin iyaye sau tara. Daga ƙarshe ya ce in rubuta tasa: in daina yawo da littafi.

Game da hanyarka, ni ta bakin teku zan zaɓa, ta Rabig da Mastura da Badar, saboda garuruwa sun fi kusa da juna. Jidda zuwa Rabig kilomita kusan 150 ne, kwana biyu ba tare da ka kashe kanka ba. Sai dai iskar Bahar Maliya yawanci daga arewa take busowa, kai kuma arewa ka nufa, don haka dabarar tsohon Durdeb taka ce. Daga Badar ka bar teku, hawa ya fara, domin Madina tana sama da teku da kimanin mita 600. Ka jira Disamba ko Janairu. Wanda ya ce ka yi tafiyar dare, tambaye shi ko ya taɓa yi. Sannan ka sami direban tirela ka tambaye shi daga nisan taku nawa yake hango mai keke da dare, don shi ne wanda zai taho ta bayanka. Maganar wane titi aka yarda keke ya hau kuwa, ba ta abokan shago ba ce, ka je wurin 'yan murur, wato 'yan sandan kula da hanya, da kanka ka ji daga bakinsu, iƙamarka, takardar izinin zama, a aljihu. Masu shayin bakin titi irin na gida ba za ka same su a nan ba, amma akwai masallatan gidajen mai, kuma makiyayan raƙuma da za ka gani da yawansu 'yan Sudan ne. Ka yi musu sallama da Larabcin Madani ka ga yadda fuska za ta sake.

Mahaifiyarka dabam ce, kada ka sa ta cikin masu shawara. Matar da ta fito da ɗanta daga yaƙi ba jirgin ƙasa take tallata maka ba, tsoro take ji. Ka zauna da ita ka nuna mata inda za ka kwana kowane dare, ka yi alkawarin waya bayan kowace magariba, in da hali ka sami abokin tafiya. In ta ce a'a bayan wannan, ka jingine keke zuwa baɗi, Madina ba ta tashi. In ta sa albarka, ka ɗauki tub huɗu ba biyu ba, ka ɗaure bakin sholisho da kyau, kuma kada ka sa shi jaka ɗaya da littafin. Ka gaishe mini da ita.