Kulocin tsohuwar tarakta ya ƙi saki: sai an raba ta biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gaji tsohuwar tarakta ƙirar Massey Ferguson 135 daga mahaifina, ta yi shekaru a ajiye ƙarƙashin rumfa. Na canza mata batir da filta da baƙin mai, injin ya tashi lafiya lau. Amma ko na taka kuloci har ƙasa giya ba ta shiga, sai ƙara kamar haƙoran za su kakkarye. Bakaniken da na kira ya ce sai an raba ta biyu an sa sabon faifan kuloci. Babu wata dabara kafin a kai ga haka? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa wa abin da ya bari albarka. Ɗan'uwa, dakata tukuna, kada a kwance ko noti ɗaya. Faifan da ya cinye ba ya hana giya shiga. Alamarsa ita ce sulɓi: injin na ihu, tarakta na jan ƙafa, ga warin ƙuna idan ta ɗauki garma. Abin da ka kwatanta kuwa kishiyar wannan ne. Faifan ya kama ne ya ƙi saki, kuma a taraktar da ta daɗe a tsaye, tsatsa ce yawanci ke manne shi da filawil, wato babban ƙarfen da ke juyawa a bayan injin.

Ga yadda za ka tabbatar. Kashe injin, ka gwada sa giya. Idan tana shiga sumul a kashe, amma ta ƙi da zarar injin na juyawa, to giyabos ɗinka ba shi da laifi, matsalar tana kuloci.

Daga nan ka duba wasan feda. Danna ta da hannu, ba da ƙafa ba, ka ji inda ta fara tauri. A wannan ƙirar wasan kimanin santimita ɗaya ne idan aka auna tsakanin hannun feda da matakin ƙafa. Idan ya zarce haka da yawa, tafiyar feda na ƙarewa kafin ta kai ga ɗaga faifan, komai ƙarfin takawarka. Notin da ya riƙe fedar a kan shaf ɗinta ake sassautawa a daidaita, a sake ɗaurewa tamau. Na sha ganin taraktar da aka yanke wa hukuncin rabawa, ashe fedar ce kawai ta zame a kan shaf.

Idan wasan daidai yake, sai a koma ga tsatsar. Bar injin ya yi zafi sosai babu giya, sannan ka kashe shi. Haɗa fedojin birki biyu da sakatarsu. Sa babbar giya, ka taka kuloci har ƙasa ka riƙe, wata tarakta ta ja ka a hankali a fili mai faɗi, wanda babu yara, babu dabbobi, babu gangare. Injin zai tashi, ita kuma za ta ci gaba da tafiya duk da ƙafarka na kan kuloci. Idan an kwance igiyar jan, ka riƙa zagayawa kana taka birki da ƙarfi kana saki. Sau da yawa za ka ji ƙwas daga ƙarƙashin ƙafarka, tarakta ta tsaya injin na ci gaba da aiki. To ya saki ke nan. Amma ina roƙonka, hannunka ya kasance kusa da abin kashe injin, domin kafin faifan ya saki ba ka da wata hanyar tsayar da ita sai shi. Kuma mai jan ka ya san da wannan tun kafin ku motsa.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba game da 135. An ƙera ta tsakanin 1964 da 1975, kuma yawancinsu kuloci biyu ne a cikin gida ɗaya: babban faifai na tafiya, ƙarami na shaf ɗin baya mai juya kayan aiki, wanda ake kira PTO. Rabin takawa na farko yana sakin tafiya, sai ka ji fedar ta ƙara tauri, rabi na biyu ya saki shaf ɗin baya. Saboda haka bayan tafiya ta gyaru, gwada na bayan ma. Idan yana ƙara wajen shiga, buɗe murfin da ke ƙarƙashin gidan kuloci. Akwai kusoshi uku na daidaitawa da za ka gani ɗaya bayan ɗaya idan ana juya injin da hannu, ratar kowanne kusan milimita biyu, kuma dole ukun su zo daidai da juna. Wannan aiki ne na kwanciya a ƙasa da tocila da sifana, ba ya buƙatar raba komai.

Tunda ka kwanta a wurin, duba ƙaramin ramin da ke ƙasan gidan, wanda wani fil ke reto a cikinsa. An sa fil ɗin ne don ramin kada ya toshe. Girgiza shi ka shafa yatsa. Idan mai baƙi ƙirin ya fito, sil ɗin bayan injin, wato abin da ke tare mai, shi ne ke yoyo. Idan mai haske ne mai kauri, daga giyabos yake. Faifan da ya sha mai yakan yi danƙo, yau ya manne, gobe ya yi sulɓi ko fizga. A nan ne nake goyon bayan bakanikenka: wannan sai an raba. Haka kuma idan boris yana kuka duk lokacin da ka ɗora ƙafa a kan feda.

Idan ta kai ga rabawa, a yi a kan shimfiɗaɗɗen siminti marar gangare. A tokare tayoyin baya, a cusa katako tsakanin gatarin gaba, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin gaba, da jikin injin ta dama da hagu, domin in ba haka ba rabin gaba zai kife gefe da zarar ya rabu. Kada a hure ƙurar ciki da iska, tsofaffin faifai na iya ɗauke da asbestos mai lalata huhu. A goge da jiƙaƙƙen tsumma. Kada kuma a canza faifai kaɗai a rufe. A sa sabon boris na turawa, da ƙaramin boris na tsakiyar filawil, da sil ɗin da ke yoyo, a duba fuskar filawil ko ta tsattsage. Wajen mayarwa, a daidaita faifan biyu da sandar saiti, kuma idan rabi biyun suka ƙi haɗuwa kada a jawo su da noti, lanƙwasa sabon faifan za a yi. A juya shaf ɗin baya da hannu har haƙoran su faɗa wa juna.

Nan gaba idan za ka ajiye ta wata da watanni, taka kulocin ka tokare fedar da guntun katako, ko ka riƙa tayar da ita kana ɗan zagayawa lokaci lokaci. Ka rubuto mana abin da ka samu a yatsarka daga ramin nan, da shi zan gaya maka sil ɗin da za ka nema.